Ajin La'asar

Har yau in na ji kiran sallar la'asar sai gabana ya ɗan faɗi, Allah ya yafe mini. Wani aji yake tuna mini, wanda ban taɓa zama a cikinsa ba.

A Dubai na ƙarasa girma. Baba yana da ɗan shago a lungunan kasuwar Naif, inda mutanenmu ke zuwa sarin takalma da jakunkunan mata, gidanmu kuma yana can unguwar International City, tafiyar bas mai cin rai. Dokar garin a lokacin ita ce, ɗa namiji in ya kai shekara sha takwas ya sauka daga bizar ubansa, sai fa in ɗalibi ne. Shi ya sa na shiga wata kwaleji ta shekara biyu a unguwar Deira, kusa da kasuwar. Shirina a fili yake: in gama, in tsallaka jami'a in karanta tattalin arziki, biza ta bi ni daga wannan makaranta zuwa waccan. In na zame a tsakani, sai jirgin Kano, in bar Umma da ƙannena, in sauka gidan kawun da rabona da shi tun ina firamare.

A kwalejin akwai wata malama 'yar Indiya mai ba ɗalibai shawara kan darussan da za su ɗauka. Tun makon farko ta zaunar da ni ta ce jami'a ba ta karɓar mai son tattalin arziki sai ya ci wani lissafi da ake kira kalkulas. Aji ɗaya tak ake yi, kuma bayan la'asar.

To, duk wanda ya san Naif ya san la'asar. Da rana kasuwar mutuwa take yi, a rufe shaguna, kowa ya nemi inda sanyi yake. Ana sallame la'asar sai ta farka gaba ɗaya. Ga hajiyoyin Kano, ga na Damagaram, ga masu tura kura suna ta ihun yalla yalla a ba su hanya, a yi ciniki, a ɗaure kwali, a kai wa masu kago, masu aika kaya gida. Ƙofar shagonmu ta ƙarfe ce mai naɗewa sama, ta ci tsatsa, Baba ya ce bayansa ba ya iya ɗaga ta shi kaɗai. Kullum ni ke kama gefe ɗaya, in na kama kuwa na shiga ke nan sai an tashi.

Da na kai masa maganar ajin, dariya ya yi.

"Tattalin arziki ba kasuwanci ba ne? Ga shi nan kana yi da hannunka."

"Baba, malamar ta ce dole ne."

"Kowa haka yake cewa da farko. Ɗauki na safe tukuna, wannan wani zangon."

Na ɗauki na safe: talla, kula da kayan sito, Turancin kasuwanci. Na cinye su tas, don ni ba daƙiƙi ba ne. Wani zangon ya zo, Baba ya ce gabanin Sallah ne, wa zai bar shago? A zangon da ya biyo baya ya ce ciwon bayan ya tashi. Na yi fushi, na yi gaba da abinci, na haɗa shi da Umma, duk a banza. Malamar takan tare ni a baranda ta ce, "Har yanzu ba ka yi rajistar lissafin nan ba?" Sai in ce inshallah, ita kuma ta riga ta zauna a Dubai ta san irin wannan inshallah ɗin. A zangon ƙarshe ya yi mini alkawari da bakinsa. Sai kasuwa ta fara karyewa, gine-gine suka tsaya cak, ya sallami ma'aikaci ɗaya tilo da yake da shi, mai kai kwalaye kago, ya dube ni ya ce, "Ka ga dai yadda ake ciki." Na ga yadda ake ciki, amma wallahi ranar ji na yi kamar in banka wa shagon wuta.

Na gama kwaleji, jami'a ta ce a'a. Kwaleji ta rufe fayil ɗina, biza ta kama hanyar mutuwa, ajin kuma ba za a sake buɗe shi ba sai bayan ta mutu. Balaraben da lasisin shagonmu ke ƙarƙashin sunansa ya ce ba ya ƙara ma'aikaci a wannan shekarar balle ya yi mini bizar aiki, khalas, magana ta ƙare.

Baba bai girgiza ba. Ya ce ba a taɓa yin maganar da ba ta da ragi. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki kwalbar turare mai tsada, muka hau bas zuwa jami'ar. Matar da ke ofishin karɓar ɗalibai Turanci take yi, Baba kuwa Turancinsa na farashi ne, don haka ni ne tafinta. Ban taɓa yin aikin da ya ƙona mini rai kamar wannan ba.

"Ce mata ka yi darussa har sun yi yawa, ta haɗa biyu ta ba ka lissafin."

Na faɗa. Ta ce ba a musanya.

"Ce mata ta karɓe ka yanzu, lissafin ya biyo baya. Ai haka kaya ke biyo mai shi a kwantena."

Na faɗa. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba zai yiwu ba. Ya tura mata turaren, ta turo masa da ladabi.

Sai Baba ya yi abin da na sha ganin masu saye suna yi masa. Ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, "To, shi ke nan, mu je." Ya nufi ƙofa a hankali, taku ɗaiɗai, kunnensa na baya yana jiran a ce Alhaji dawo. Ya kama hannun ƙofar ya tsaya, har ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu. Da na waiwaya, matar ta riga ta kira na bayanmu.

A bas turaren na kan cinyarsa. Ni kuwa na juya ina kallon titi ta taga, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba na ɗa da uba ba ne. Muka sauka Naif ana sallame la'asar. Na sunkuya zan kama gefena na ƙofar, sai ya dafa hannuna.

"Bari. Tafi ajin naka."

"Baba, an rufe ajin tun watan jiya."

Kamar bai ji ba. Ya naɗe hannun babbar riga, ya tsaya a tsakiya, ya sa hannu biyu ya yunƙura. Ƙofar ta yi ƙara, ta cije, sannan ta tafi sama har ƙarshe. Na tsaya ina kallonsa yana haki, yana kunna fitilu.

Kafin wata ya ƙare ina Kano. Ashe zai iya ɗaga ta shi kaɗai.