Wuƙar da muka ɓoye a bayan randa

Ranar kasuwar Mafara na je sayen nama wurin Kawu, sai ga ƙanena Nasiru a teburin, riƙe da wuƙa, yana yanka.

Wata biyu ke nan da dawowarsa daga jinyar shan ƙwaya. Tun ranar muka ɓoye wuƙar gida a bayan randa. Ko albasa Inna za ta yanka, sai ta tabbata ya fita.

Na ja Kawu gefe. "Kawu, wuƙa fa ka ba shi."

"To da cokali za shi yanka naman?"

"Mu a gida ɓoye ta muke yi."

"Na sani, bayan randa. Shi ya faɗa min. Ya ce ta dakushe, sau biyu yana wasa muku ita yana mayarwa."

Sai na tuna Inna tana ta yabon kaifin wuƙar.

Nasiru ya ƙunshe min naman, har da gyara, bai ɗago kai ba.

Wata biyu muna gadin wuƙa, ba wanda ya zauna hira da shi. Ku masu irin Nasiru a gida, me kuka ɓoye masa?