Siraran Haruffan Babakura

A kasuwar kifi ta Nguru, in ka ga kwalin kifin banda da haruffa sirara dogaye, sun matse juna kamar fasinjojin bayan a-kori-kura, ba sai ka tambaya ba, hannun Babakura mai fenti ne.

Ba wani zurfin boko ya yi ba. Firamare ya ɗan lasa, ya koma bin masu fentin motoci a tasha. Matarsa ce ta sirantar masa da rubutu. Tana amarya ta miƙo masa ƙaramin kwanon miya, ta ce ya sa mata suna a gindi, don kwanon da ya je gidan biki ba suna ya tafi ke nan. Sunan nata kuwa Halimatusa'adiya, ya fi igiyar guga tsawo.

Ya ce, "Halima ma ya isa."

Ta ce, "Halima nawa ne a layin nan? Ubana bai yanka rago don rabin suna ba."

Sai ya rage gashin burushinsa, ya ja haruffan sama, ya matse musu ciki, har sunan ya shige tsaf. Matan unguwa suka gani suka kawo nasu kwanonin. Daga kwano aka koma kwalin kifi, daga kwali aka koma gefen kwale-kwale. Da fentin nan ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya.

Haruffan nasa ba miƙaƙƙu ba ne. Duk sun ɗan jingina hagu. Wani yana da wutsiya kamar ƙugiyar kifi, wani ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin ruwa. Shi kuwa kullum kunyar karkacen nan yake ji.

Da girma ya zo, hannu ya fara rawa. Ya ɗora burushi, layi ya tafi yawonsa. Ya ga sana'a za ta riga shi kwanciya. 'Yarsa Zara, wadda ke aure a Gashuwa tana aiki a shagon buga sitika, ta ce ya zana mata kowane harafi a farar takarda tun hannun bai ƙi gaba ɗaya ba, ta sa su cikin kwamfuta. Ya zana, da hutu da salati. Da zai miƙa mata ya ce, "Amma ki miƙar min da su. Tunda inji ne, ya rufa min asiri."

"Baba, a haka suka fi kyau."

"Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta miƙar da su.

Kwalayen Hajja Fanne aka fara liƙa wa sabbin sitikun. Babbar dillaliyar banda ce, ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma tun da take ba ta taɓa ɗaukar kwalin wani ba. Ranar lodi ta zo ta wuce kayanta, ta dawo ta sake wuce su, sai ta ɗora hannu a ka.

"Jama'a, an kwashe min kaya!"

Babakura ya taso. "Hajja, ga su a gabanki."

Ta duƙa ta leƙa. "Waɗannan? Ina ƙugiyata ta farko? Ina mai ƙafa ɗayan? Waɗannan ai sojoji ne a fareti. Babakura, tsufan a hannu ya kama ka ko a ka?"

'Yan dako suka fashe da dariya, alhali su ma tun safe suke zagaye kayan sun rasa mai su. Hajja ta ce gara ta koma ɗaura tsumma a igiya kamar zamanin uwarta. Sauran dillalai suka ce inda Hajja ta bi nan za su bi.

Babakura ya tsaya da kwalin a gabansa. Ashe duk shekarun nan karkacen da yake ɓoyewa shi mutanen suke karantawa.

Washegari ya ɗauki tsohon kwanon matarsa, ya hau motar Gashuwa. Ya kife shi a kan teburin Zara. "Mayar min da karkacena."

Ta danne dariya. "Wane karkace, Baba? Wanda inji ya rufa wa asiri?"

"Ke dai ba ki da kunya, gadon uwarki."

Ashe ba ta zubar da na farkon ba. Ta danna nan ta danna can, sai ga su sun fito, da wutsiyarsu da jinginarsu.

Kasuwa ta gaba, tun daga bakin tasha Hajja Fanne ta nuna da baki. "Ga nawa can. Yauwa, yanzu ka dawo hayyacinka."

Yanzu Zara ke bugawa a Gashuwa, shi yana liƙawa a Nguru. Hannun bai daina rawa ba, sitika kan ɗan zame gefe, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Ƙorafin a gida yake, don a Gashuwa ya manto kwanon.

Halimatusa'adiya ta ce, "Malam, kwanona fa?"

Ya ce, "Da cikakken sunanki a gindi, ina za shi?"