Jarkar Fetur a Bakin Ƙofa

Jama'a, yau saura kaɗan ku sallace ni da kayan Sallah a jikinku!

Bayan azahar na kishingiɗa a ɗaki, matata Hajiya tana suyar naman layya a tsakar gida. Jarkar fetur ɗin injin ban-ruwana tana bakin ƙofata, inda nake ajiye ta don gudun ɓarayi. Man suya ya kama, wuta ta bi tabarma har jarkar, sai ji na yi fuu! Ƙofa ta toshe da wuta!

Na nufi taga. Rodin da na sa aka yi wa walda ya tare ni. Hayaƙi ya cika ɗakin, ina jijjiga ƙarfe ina salati.

Hajiya tana ihu: "Malam yana ciki! Kar ku zuba ruwa, fetur ne!"

Maƙwabcina Sale ya zagayo da gatari: "Baba, matsa gefe!" Mutane suna watsa yashi, shi yana saran bango. Ta ramin aka jawo ni.

Shekara nawa Hajiya tana cewa in fitar da jarkar nan, ni kuwa ina ce mata ta kula da tukunyarta. Na ce, "Hajiya, ki yafe ni."

Ta miƙo min ruwa: "Sha tukuna. Sauran jarkokin fetur ɗinka biyu suna zaure."

Da kaina na kai su gona.