Haoua da Tsakiyar Dila

Yayata Haoua ba ta yarda da abu don ta ga wajensa kawai. Gadon Baba ne. Baban namu, Alhaji Hamidou, wanda ya baro Maraɗi ya buɗe shagon atamfa a kasuwar Mont-Bouët, bai taɓa karɓar dilar atamfa ba sai ya kwance ta ya zura hannu har tsakiya. Ni hancinsa na gada, ita ta kwashe taurin kan.

Malamar fizis ce a wata lise, wato sakandare, a unguwar Akébé. Aure da haihuwa da aji cike da masu surutu ba su cire mata son komawa jami'a ba. Sai da furfura ta fara leƙo mata sannan ta koma neman digiri na biyu.

Ta sha bayyana mini aikin nata ina wanke-wanke. Ana harba ƙwayar nutiron kan cibiyar atam, a lissafa yadda za ta watse. Ƙwayar tana tafiya ne kamar igiyar ruwa. Hanyar lissafin biyu ce. Mai sauƙi tana ɗauka ƙarfin da ke jan igiyar a kowane wuri na wurin ne kaɗai. Mai wahala tana cewa abin da igiyar ke yi a gefe ma yana da hannu a ciki. In daga wajen cibiyar aka duba, amsarsu ɗaya ce.

Malaminta, mutumin kirki, ya ba ta shawara ta tsaya ga mai sauƙin ta kammala a shekarar. In ta ɗauki mai wahalar sai baɗi, kuma baɗin ce damarta ta ƙarshe. In ba ta gama ba, digiri ya tafi.

Na ce, "Yaya, don Allah ki karɓi takardarki ki huta!"

Ta ce, "Ke Sakinatu, na ga waje. Cikin fa?"

Wallahi haushi ya cika ni, kuma tsoro nake ji mata.

Ta ɗauki mai wahalar, kuma a shekarar ta sha wuya. Kullum bayan la'asar tana tsakar gidanmu na unguwar Nombakélé, ordinatar, wato kwamfuta, a cinya. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ta jira. Lissafi ya ruguje, ta koma farko. Da amsa ta fito, sai ga igiyar a cikin cibiyar ta yi ƙasa da ta hanya mai sauƙi. Ta zaci kuskurenta ne, ta sake, haka ta ƙara fitowa. Masana sun daɗe da sanin hakan, amma yanzu da hannunta ta taɓa, kuma ta nuna yadda yake rage amsar wani ɓangare na aikinta, inda nutiron ke maƙalewa a ciki.

Ranar da ta tsaya gaban malamai, Baba ya zo da babbar riga ya zauna a gaba. Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Da aka ce ta ci, aka gama tafi, sai ya yafito ta. Ta durƙusa.

"Haoua, kin zura hannu har tsakiya?"

"Har tsakiya, Baba."

"Me kika tarar?"

"Ba daidai yake da waje ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "Dama."

Ni da na ce ta huta, ni na fi kowa kuka.