Ruwa a Baki, Suruki a Gaba

Shekara uku muna gudun safiyar Asabar ni da abokin aikina, wani mutumin Jos da muke ofis ɗaya a jami'a, kuma ko sau ɗaya ban taɓa riga shi dawowa ba. Mukan tashi daga Wudil bayan na yi sallar asuba, mu bar kwalta mu faɗa hanyar gonaki har wajen Utai, mu juyo. Mutumin nan ya ba ni kusan shekara goma, ga ɗan tumbi, amma in ya ɗaga ƙafa sai dai in riƙa hango ƙeyarsa. Abin yana ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Ni dai ƙishirwa na ɗora wa laifin. Shi ba ya shan komai sai mun dawo, kamar raƙumi. Ni kuwa dole in ratse famfon tuƙa-tuƙa na bakin hanya, in jira masu ɗiban ruwa su ba ni wuri, in sha, in yi godiya. Kafin in miƙe ya ɓace. Na gwada riƙe gora a hannu, kafaɗa ta sage. Na gwada ruwan leda a aljihu, ya fashe min a cinya, ranar kuwa har gida yana min dariya.

Sai ga takardar ritayarsa ta fito. Ƙarshen wata zai koma garinsu, Asabar ɗaya ta rage mana. Na ce wallahi ba zai bar Wudil bai ga bayana ba. Na sa aka sayo min jakar ruwa ta 'yan gudu daga Kano, irin wadda ake goyawa, siririn tiyo ya zagayo ta kafaɗa zuwa baki, kana gudu kana zuƙa. Da ya gan ni da ita ya tambaya ko daga gadon asibiti na tsero da ƙarin ruwana. Na yi masa banza.

Jakar kuwa ta yi aikinta. Na wuce famfon nan ko kallo bai ishe ni ba. Muna juyowa daga Utai na sha gabansa, ina jin takunsa yana ƙara nisa a bayana. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsayi, ba ka ganin abin da ke gaba sai ka je kansa. Na zuƙi ruwa na cika kumatu, na sha kwana, sai na yi kiciɓis da surukina, mahaifin matata. Daga Indabo ya zo duba gonar ƙaninsa.

A wajenmu ba a wuce suruki a tsaye, balle a guje, kuma ba a ci ko sha a gabansa. Na ja birki, na tuɓe kambas, na durƙusa ina jan gajeren wandona ya rufe gwiwa, ya ƙi. Ga ruwa fal a baki. In haɗiye, na sha a gabansa. In tofar, ta fi muni. Ya kawar da kai yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina gyaɗa kai ina gunji kamar kurma. Can ya saci kallona, ya ga goyo, ya ga tiyo, ya ga kumatu a kumbure. Nan da nan ya yar da sandarsa.

"Subhanallahi. Malam, aikin feshi aka koma? Ai ba a sa tiyon magani a baki, guba ce. Tofar, maza tofar."

Na tofar da izininsa. Ban taɓa jin daɗin umarni irin wannan ba.

Ina cikin gaisuwa na ji takun abokina ya iso. Na runtse ido. Shi ba surukinsa ba ne, in ya ɗaga hannu ya wuce ba mai ganin laifinsa. Sai na ji takun ya tsaya. Ya kwance kambas ɗinsa, ya durƙusa kusa da ni yana haki, ya shiga gaida Baba, surukin nawa, da Hausarsa ta Jos: kwana, gajiya, iyali, damina, har awaki bai bari ba. Shi ya yi wa Baba bayanin cewa ruwan sha ne zalla a jakar. Baba ya girgiza kai ya ce 'yan boko ba sa rabuwa da abin mamaki, ya sa mana albarka, ya shige cikin dawa.

Ina ɗaura takalmi ina huci, na ce masa mu ɗora daga nan, ban yarda a ce tausayina aka ji ba. Ya ce gwiwarsa ta gama na yau.

"Tun daga Utai nake bin ka da iya ƙarfina, Malam, na kasa kamo ka. Ka ci."

Na buɗe baki in zuba masa tsiyar da na daɗe ina tanadi, sai na fasa. Na yi zaton murna zan yi, ashe kewarsa ce ta riga ta kama ni tun yana tsaye a gabana. Da ƙafa muka taka har Wudil, yana ba ni labarin gonar dankalin da zai koma, ni kuma ina ta rage sauri don kar mu isa da wuri.