Na Je Suna Maraɗi, Na Jiyo Nawa

Wannan tafiya na yi ta bayan an sake buɗe boda, cikin daminar da katangar gidanmu ta faɗi, shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji Mamman direba. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ɗiyata Binta tana rubutawa, na kuwa ce mata kada ta gyara mani magana.

Kafin mu hau hanya sai kun san sunana. A Ƙofar Marusa in ka ce Hajiya Rabi, ba mai nuna maka gidana. Hajiya Tazalla mai alkaki za ka ce. Shekarar da aka ba Katsina jiha, Alhaji ya dawo daga Agadas da wani kaset, ba hoto ba rubutu, na wasu mutanen Azbin masu kiɗan jita. Ba na jin yarensu, amma na haddace kaset ɗin tun daga farko har inda yake tsinkewa. Cikin waƙa ta uku mai waƙar yakan ja murya ya ce "Tazalla", kamar mai kiran wadda ta yi mashi nisa. Da wannan Alhaji ya riƙa kirana har ya koma ga Allah. Ban taɓa tambayarsa ma'anar ba, don kada ya ga kamar ban sani ba. Da matan unguwa suka dame ni, na ce masu zinariya ce zalla, wadda ba a gauraya ba. Da bakina na ƙera wannan fassara, har na manta ni na ƙera ta. Jikokina biyu sunan suke amsawa.

Katsina zuwa Jibiya

Ranar Asabar ce. Ƙanwata Kulu da ke aure a Maraɗi ta yi jika, zan je suna. Na yi sallar asuba, na ɗaure daron alkaki da kayan jariri, ƙarfe shida saura kwata ina tasha. Kuɗin mota dubu biyu, aka ce daro ma sai na biya mashi.

Na ce, "Daro da ke bisa cinyata? To cinyar ma ka yanka mata nata."

Direba ya ce, "Hajiya, shiga, Allah ya huci zuciyarki."

Mu shida a ƙaramar mota. Mun tsaya shinge huɗu, kowane sai a leƙo a ce me ke cikin daro. Ƙarfe bakwai da rabi muka shiga Jibiya. Na sha fura wajen wata Bafillata, nononta mai kyau, sai dai ta cika ruwa. Jiran mota ta cika ya kai mu har sha ɗaya.

Magama da Ɗan Isa

A Magama aka sauke mu, aka duba takardu. Muna ƙetarawa Ɗan Isa wayata ta yi shiru, kira ba ya shiga ba ya fita. Wani jandarma ya yi mani magana da Faransanci, na ce mashi, "Ɗan nan, fuskarka ta Katsinawa ce, yi mani Hausa." Ya yi dariya ya ce kakarsa ma haka take ce mashi. Ruwa ya tsare mu nan kusan awa guda. Ƙarfe biyu da 'yan mintoci muka sauka Maraɗi.

Maraɗi

Kulu ta canja gida, ban san sabon ba. Abin da ta ce mani a waya tun jiya shi ne, "In kin sauka ki ce a kai ki inda ake wasa, an kafa rumfa, makaɗa ma sun zo." Haka na faɗa wa ɗan kabu-kabu, ban ƙara ban rage ba.

Ya ce, "Makaɗan da suka zo daga nesa? Ai garin nan kowa can ya nufa."

Na ce a raina, ashe mijin Kulu ya yi arziki ba ta gaya mani ba.

Ya sauke ni bakin wata ƙofar ƙarfe ta baya. Mai gadi na ganin daro ya ce, "Alhamdu lillahi, abinci ya iso, tun ɗazu suke jira." Ya karɓe shi daga kaina ya yi gaba, na bi shi. Tsakar wurin ba mace ko guda, ba tukunya bisa wuta. Wayoyin lantarki ne kwance ko'ina, da wasu baƙaƙen akwatuna da suka fi ni tsawo. Can gindin bishiya wasu dattawa biyu masu rawani suna dafa shayi bisa tabarma. Gabansu aka dire daron.

Na yi sallama, na gaishe su yadda ya kamata, na ce, "Barkanku da arziki. Ku ne dangin uban jariri?"

Suka dubi juna. Mai farin rawanin ya ce, "Hajiya, mu dai mun daɗe ba mu haihu ba."

"To ina mai jego?"

Ɗayan, wani baƙi siriri, ya nuna wani ƙato mai tumbi da ke jan waya, ya ce, "In dai ba wancan ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ba gidan Hajiya Kulu ba ne nan?" Suka ce filin wasa ne na matasa, yau akwai kiɗa. Na waiwaya in ɗauki darona, na tarar sun kwance shi, masu jan waya ma sun zagaye shi. Alkakin suna da na kwana biyu ina yi! Mai farin rawanin ya ba ni haƙuri da baki cike, ya ce sunansa Agali, abokinsa Bilal, in zauna in sha shayi, za a nemo mani gidan.

Ƙafafuna sun yi tsami, na zauna. Na yi azahar da la'asar nan bayan bishiya. Ina sallamewa wani abu ya yi ƙara har ƙasa ta motsa. Na ce, "Innalillahi, janareta ya fashe!" Bilal ya ce a'a, samari ne suka fara kiɗa a gaba, su sai an jima za su hau. Na ce in wannan ne kiɗa, to a Katsina sunansa gobara.

Agali ya jawo wata tsohuwar jita yana murɗa kunnuwanta, yana ɗan ƙunƙuni cikin rawani. Ashe waƙa ta uku ce ta kaset ɗin Alhaji. Ban san lokacin da bakina ya kama ba. Ya ɗago ya dube ni, bai tsaya ba, muka tafi tare baiti biyu. Ya shiga na uku na ɗaga mashi hannu.

Na ce, "Ka yi tsallake, Malam. Ko ina ka koye ta, ba su koya maka daidai ba. Nan ana tari sau biyu, sannan a yi dariya, sannan a ci gaba."

Na yi masu yadda ake yi: tari biyu, 'yar dariya, sai na ja "Tazalla".

Bilal ya aje kofin shayi. Ya faɗi wata magana da yarensu, Agali ya dafe kai, suka kwashe da dariya har hawaye. Ni ina zaune ban san abin da na ɓata ba.

Agali ya ce, "Hajiya, tarin nan ba waƙa ba ne. Tarina ne. Cikin ɗaki muka ɗauka, hayaƙin gawayin shayi ya shaƙe ni."

Na ce, "Tarinka?"

"Nawa. Bilal kuma shi ne mai gangar."

Na dubi gemunsa fari fat. Ni mai muryar nan yaro na aje shi a raina shekara da shekaru, ban taɓa tunanin shi ma yana tsufa ba. Na ce to mai dariyar fa? Bilal ya ce ƙanensa ne, ya daɗe da rasuwa, kuma tun rasuwarsa bai ƙara jin dariyar ba sai yau a bakina. Muka yi mashi addu'a.

Zuciyata ta ce tashi ki tafi da zinariyarki. Bakina ya riga ni. Na ce, "Malam Agali, mece ce Tazalla?"

Ya ce, "Taguwar babana ce."

Na ɗauka taguwar sawa yake nufi. Na ce, "Riga? Riga ka yi wa waƙa?"

"A'a, Hajiya. Taguwa, raƙuma."

Na ce, "To amma kyakkyawa ce ko? Fara?"

Bilal ya ce, "Kai! Ido guda gare ta. Ga cizo. In ta durƙusa, ko mutum goma ba su tashe ta sai ta ga dama. Dubi nan." Ya janye hannun riga ya nuna mani tabo.

Na ce, "Ni ce Tazalla. Shekara kusan talatin mijina yana kirana haka."

Bilal ya saki hannun rigarsa a hankali. Agali ya ce, "Ki bari in ƙarasa maki. Sau uku ana tayinta, babana ya hana. In ayari ya ɓace, ba rijiya ba sawu, igiyarta ake saki a bi ta. Ba ta taɓa kai mu inda ba ruwa ba. Da ta mutu na yi waƙar."

Na ce, "To zagi ne ko yabo?"

Ya ce, "Wallahi mu ma a gidanmu ba a gama wannan gardamar ba."

Aka zo kiransu. Agali ya ce ba inda za ni, aka aje mani kujera gefen dandamali. Jama'a, ban taɓa ganin haka ba. Matasa fili guda, maza da mata, suna tsalle. Hayaƙi na fitowa ƙarƙashin ƙafar makaɗa, ba wanda ya gudu. Jitar da ɗazu take magana a hankali, da aka soka mata waya sai ta koma ruri. Da suka zo waƙa ta uku Agali ya nuna ni ya ce, "Yau Tazalla da kanta ta zo daga Katsina!" Fili ya ɗauka, "Tazalla! Tazalla!" Na rasa ko ni suke kira ko raƙumar. Na dai ɗaga hannu, don ba a kirana in yi shiru. Agali ya kai wurin tarin nan ya yi tari biyu da gangan, Bilal ya sunkuyar da kai bisa gangarsa.

Binta ta rubuta mani lambar Kulu a takarda, tana ƙulle a bakin zanena. Da wayar Bilal aka kira. Ana kiran magariba na shiga gidan suna da daro wayam. Kulu ta ce ina alkaki, na ce raƙuma ta cinye. Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Komowa

Kwana biyu na yi. Ranar Litinin ƙarfe bakwai muka taso, ɗaya saura muka shigo Katsina lafiya. Ban wuce gida ba. Na sa aka kai ni Ƙofar 'Yandaka wajen Malam Sada, wanda ya yi wa Alhaji yaron mota tun suna samari. Na same shi a zaure, ido ya yi rauni. Bayan mun gaisa na ce, "Sada, tsakaninka da Allah, Alhaji ya san Tazalla raƙuma ce?"

Ya yi dariya har sai da aka kawo mashi ruwa. Ya ce, "Hajiya, sai yanzu kika ji? Ai duk direban da ke bin hanyar Agadas ya sani."

"To wanne yake nufi, cizon ko sanin hanyar?"

Ya ce, "Ranar da ya fara, cizon ne, ina wurin, kin hana shi tuwo. Na baya kuma ban tambaye shi ba. Na dai san bai taɓa ɗaukar lodi mai nisa bai ce bari ya ji ta bakin Tazalla ba."

Na ɗauki darona na taho gida.

Matan unguwa, ga shi kun ji daga bakina kafin ku ji a wani wuri: ba zinariya ba ce. Mai dariya ta yi, amma ta tuna ina cizo. Cikin waɗanda suka san zamanin kaset ɗin nan, Alhaji ya tafi, mai dariya ya tafi, Allah ya jiƙansu. Saura Agali da Bilal can Azbin, Sada a zaurensa, sai ni. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa ɗan kabu-kabun da ya ɓatar da ni. Jikokina biyu kuwa, sunan na nan, ba mai canja masu shi.