Yadda Muka Raba Allon Yaya Sale

Shekara tara ke nan da muka binne wana, Yaya Sale, a Tasawa, kuma har yau raina bai huce ba kan abin da muka yi wa allonsa.

Makanike ne na ƙananan jiragen da ke feshin fara a da. Bai taɓa tuƙi ba. Aikinsa gyaran agogunan da ke gaban matuƙi: mai nuna nisa da ƙasa, mai nuna gudu, mai nuna ko fiffike ya karkata, da sauransu. Da ya bar aiki sai ya dawo gida da allon wani mataccen jirgi, agogo shida a jere, ya kafa a zaure. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya sha darasi. Yakan ce in jirgi ya shiga gajimare jikin matuƙi ƙarya yake masa, kuma ba a yarda da agogo ɗaya sai an duba ƴan'uwansa. Mu kuwa mu yi ta hamma. Ya kai allon wata makaranta kyauta, aka ce ba ya cikin tsarin karatu.

Yana kwance ciwon ajali ya ce mini: "Ka bar shi yadda ya ke, Isufu. In an kwance, ya tashi aiki."

Bai bar mata ko ɗa ba. Mu ƙannensa huɗu ne magada, maza biyu mata biyu. Mai rabo ya dubi allon ya ga agogo shida, lissafi ya yi masa daɗi: namiji biyu, mace ɗaya. Ban hana ba don kada a ce ina son haɗiye rabon ƴan'uwana. Na matan, ɗaya ya tafi Kanan-Bakashe yana rataye a bango kamar hoto, ɗaya yana Hawandawaki an fasa gilashinsa. Na ƙanena biyu sun bi masu sayen gwangwani.

Bana ɗiyata Hadiza, da ke karatu a Yamai, ta zo hutu da ordinatar, wato kwamfuta. Tana koyon tuƙin tsohon jirgi a cikinta, ga agogunan nan shida a jere, sak na zaure. Da Yaya na nan da ya fara ƙorafin cewa wannan zane ne kawai, sannan ya zaunar da ita har la'asar. Ɗalibar da ya nema shekara ashirin ta zo, ta tarar da ni.

Ta tambaye ni me ya sa mai nuna nisa ke da allura uku. Ban sani ba, alhali an faɗa a kunnena ya fi sau ɗari. Na ciro nawa biyu daga akwati na miƙa mata. Abin da ya rage na Yaya ke nan: ƙarfe muka adana, ilimin muka bari ya bi shi kushewa.

Hadiza ta juya su a hannu, ta ga wayoyin da aka yanke.

"Baba, wa ya kwance su?"

Na ce mata ni na riƙe sukudireba.